Darasi: Tagwayen Gwajin Mantuwa Na Tsofaffi, Da Yadda Ake Gane Ko Sun Zo Daidai

Darasin yau ya samo asali ne daga wata 'yar manhaja da na haɗa wa kakata bara. Ta fara yawan mantuwa, ta ajiye carbi ta yi ta nema, ta tambaye ka abu ɗaya sau uku kafin azahar. Sai na rubuta abu mai sauƙi: waya ta karanto mata kalmomi goma, bayan minti biyar ta faɗi waɗanda ta tuna, ni kuma in danna. Duk Juma'a muke yi. Makinta ya yi ta hawa ina ta murna, har ranar da ta jero min kalmomin tun kafin in buɗe wayar. Ashe haddace su ta yi.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan matsala. Idan aka maimaita wa mutum gwaji ɗaya, sabo kaɗai yana ƙara masa maki. Haɗarin shi ne, tsohon da ƙwaƙwalwarsa ke raguwa yana iya samun maki iri ɗaya bara da bana, saboda sabo ya cike giɓin, a ce lafiyarsa lau alhali ciwo na tafiya.

Maganin da aka samo shi ne a yi wa gwaji tagwaye: tsari ɗaya, tsawo ɗaya, amma kalmomi da hotuna daban. Ɗauki MoCA, wanda Dakta Ziad Nasreddine ya ƙirƙiro a Montiriyal ta ƙasar Kanada, aka wallafa binciken ingancinsa a 2005. Maki 30 ne, ana yin sa cikin kamar minti goma, kuma akwai kalmomi biyar da ake so mutum ya riƙe. Yana da nau'i uku, 8.1 da 8.2 da 8.3. Shi ne aka yi wa Donald Trump a Janairun 2018 ya cinye 30 ɗin duka, daga nan tambayoyin suka watsu a intanet. Ba zan rubuta kalmomin a nan ba, don kada wani ya je ya karantar da kakansa kafin ranar asibiti. Akwai kuma HVLT da Jason Brandt na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya fitar a 1991: kalmomi 12 daga rukuni uku, ana karanta su sau uku, kuma nau'insa har shida.

To ina matsalar take? Ni da na gano kuskurena, abin da na fara yi shi ne abin da kowane mai rubuta manhaja zai yi. Na zuba kalmomi ɗari biyu, na ce waya ta riƙa tsintar goma a kan dace. Sai makin kaka ya koma hawa da sauka ba kai ba gindi. Dalili kuwa, kalmomi ba nauyinsu ɗaya ba. “Tukunya” da “akuya” suna zuwa da hotonsu a ka, “dalili” da “yanayi” ba su da hoto. Gajeriyar kalma ta fi doguwa sauƙin riƙewa, wadda ake ji kullum ta fi baƙuwa. Har wurin zaman kalma yana da tasiri, domin na farkon jeri da na ƙarshe sun fi na tsakiya zama a ka. Makon da aka dace da jeri mai wuya sai ka ɗauka gigin tsufa ne ya kama ta.

Saboda haka masu bincike suna yi wa tagwaye tambaya biyu, kuma kada ku haɗa su. Ta farko: wanda ya yi fice a nau'in A, shi ne ya yi fice a B? Ana auna wannan da lamba daga 0 zuwa 1, yadda ta kusanci 1 haka gwajin ya fi abin dogaro. Ta biyu: wahalarsu ɗaya ce? Ku ɗauki sikeli biyu na mai sayar da nama, ɗaya kullum yana ƙara rabin kilo. A tambayar farko za su ci 1 cif, tunda abin da ya fi nauyi a wannan shi ya fi a wancan, amma duk wanda aka auna wa da na biyun an cuce shi. Ko HVLT da aka yi da tsanaki, da aka sabunta shi a 1998 an samu nau'o'in sun yi daidai wajen tuno kalmomi da ka, amma wajen gane kalma idan an karanto maka ita sun ɗan bambanta.

Yadda ake gwadawa ma akwai dabara. Ana raba tsofaffin gida biyu, rabi su fara da A sannan B, rabi su fara da B sannan A. In kowa ya fara da A, ba za a taɓa sanin ko B ne ya fi sauƙi ko kuwa sabo ne ya yi aiki ba.

Yanzu ku buɗe kalkuletar wayarku. Lambobin nan misali ne nawa don lissafi kawai. A ce makin mutane yakan warwatsu da kimanin 3 daga matsakaici, lambar dogaro kuma 0.75. Ku cire 0.75 daga 1, saura 0.25. Ku danna alamar √, ya ba da 0.5. Ku ninka da 3, an samu 1.5. Wannan shi ne kuskuren da ke tattare da gwaji guda. Idan gwaji biyu za a kwatanta, a ninka da √2, ya kai kusan 2.1. Ke nan wanda ya ci 25 bara ya ci 23 bana, bambancin nan yana iya zama na awo kawai. Sai tazara ta kai wajen maki huɗu sannan ake fara zargin canji na gaske.

Kuma tagwaye ba sa kawar da sabo gaba ɗaya. Kalmomin sun canza, amma mutum ya riga ya san za a sake tambayarsa, ya koyi haɗa su rukuni-rukuni, fargabar farko ta tafi.

Ga mu masu rubuta manhaja da Hausa akwai ƙarin aiki. Jeri biyu da suka yi daidai a Turanci ba lallai su yi daidai ba bayan fassara, don kalmar da Bature ke ji kullum tana iya zama baƙuwa ga tsohuwa a Gumel. Zurfin boko ma yana shiga, shi ya sa MoCA ke ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Kafin ku yarda da wata manhajar Play Store, ku duba ko ta faɗi a kan su wa aka gwada jerinta, da wane harshe.

Ni dai na goge tawa. Na koma rubuta abin da muke gani a gida da kwanan wata, kamar ranar da ta manta ta ci abinci ko ta kasa gane hanyar gidan ƙanwarta, muka kai wa likita. Kafin ya yi mata kowane gwajin kalmomi sai da ya duba jinta, ya tambayi barcinta da magungunan da take sha, ya tura mu gwajin jini, domin ƙarancin sinadarin B12 da matsalar maƙoƙo suna kawo mantuwa, kuma ana maganinsu.