Darasi Domin Iyali: Ra'ayin Soja Da Amanarsa A Lokacin Yaƙin Basasa

Karatu: 1 Sama'ila 22:11-19, 2 Sama'ila 2:12-28, Luka 3:14

Gabatarwa

Kontagora gari ne da ya saba da kaki. Ga barikin Nagwamatse, ga kuma iyalai da yawa a ikilisiyoyinmu waɗanda miji ko ɗa ko ƙane yake bakin daga. Soja ma mutum ne: yana da ƙabila, yana da addini, yana kuma da ra'ayinsa game da masu mulki. To, ran da ƙasa ta rabu biyu, wa zai bi? Bari mu duba tarihinmu, sa'an nan mu auna shi da Maganar Allah.

1. Sa'ad da ra'ayi ya rinjayi rantsuwa

A ranar 15 ga Janairu 1966, waɗansu matasan hafsoshi suka ga cewa 'yan siyasa sun lalata ƙasa, suka ɗauki bindiga domin gyara. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, da Sardauna Ahmadu Bello, da Cif Akintola, tare da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Laftanar Kanar James Pam. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin ramuwa. Kisan 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa ya sa dubbai suka gudu zuwa Gabas. Ojukwu ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi kuwa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli. Kafin a ƙare shi a Janairu 1970, rayukan da suka salwanta sun wuce lissafi, yawancinsu yara ne da yunwa ta kashe.

Kowane ɓangare yana ganin gaskiya tana wurinsa. Haka abin ya kasance a tafkin Gibeyon, inda mutanen Abner da na Yowab, dukansu 'ya'yan Isra'ila, suka karkashe juna. Sai da rana ta faɗi Abner ya tuna wa Yowab cewa ƙarshen wannan takobi ɗaci ne, kuma 'yan'uwansu suke kora. Amma Asahel ya riga ya mutu.

2. Amana wadda ta haye ƙabila

Wani ɗan Kontagora yana tsakiyar wannan tarihi. Laftanar Sani Bello, wanda daga baya ya zama gwamnan soja na Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978, dogarin Janar Aguiyi-Ironsi ne. Abokin aikinsa shi ne Andrew Nwankwo, hafsan sojan sama, Ibo. Suna tare a Ibadan daren da aka kama Ironsi da mai masaukinsa, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi. Kamar yadda Nwankwo ya ba da labari daga baya, su biyun sun yi alkawari tun da wuri cewa ko daga wane ɓangare fitina ta taso, ɗaya zai kāre ɗaya. Aka kashe Ironsi da Fajuyi, amma Nwankwo ya tsira da ransa, ya kuma ce Bello ya cika alkawari. Ɗaya Musulmi ne daga Arewa, ɗaya kuwa daga Gabas. Mai bi da ya kasa riƙe irin wannan amana, me zai ce ya koya daga Almasihu?

3. Biyayya tana da iyaka

Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya a gidan mai wa'azin bishara, ya ba sojojin tarayya ƙa'idojin yaƙi a 1967. An hana taɓa yara da mata masu ciki, an hana lalata asibiti da majami'a da masallaci, an kuma ce a kyautata wa wanda ya miƙa wuya. Duk da haka, a watan Oktoba na shekarar, an harbe ɗaruruwan fararen hula a Asaba. Doka a takarda ba ta tsare hannu in zuciya ba ta tsoron Allah.

Sa'ad da Sarki Saul ya umarci matsaransa su kashe firistocin Nob, sun ƙi ɗaga hannu, ba su kuwa yi masa tawaye ba. Doyeg ne ya cika umarnin, firistoci 85 suka mutu a rana ɗaya. Yahaya Maibaftisma ma bai ce wa sojoji su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Soja mai bi yana da izinin riƙe ra'ayinsa, ya kai shi akwatin zaɓe, amma bindigar da ƙasa ta damƙa masa ba ta ra'ayinsa ba ce. Zai yi biyayya ga shugabanninsa, sai dai in an ce ya zub da jinin marar laifi.

4. Bayan yaƙi

Ranar 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Gowon ya rungume shi, ya kuma sanar cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Ba a warkar da kowane rauni ba, amma an rufe ƙofar ramuwar gayya. Iyaye, abin da muke faɗa a kan wata ƙabila lokacin cin tuwo, shi ɗanmu zai ɗauka zuwa bariki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin abin da matsaran Saul suka yi da juyin mulki?
2. Wane maƙwabci ne za ka kāre ko da 'yan'uwanka za su zarge ka?
3. Yaya ikilisiyarku take kula da gwauraye da marayun sojoji?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka tsare 'ya'yanmu da ke cikin kaki. Ka ba su zuciya mai aminci da hannu mai tsabta, kada ka bari ƙasarmu ta sāke shan wannan ɗaci. A cikin sunan Yesu, Amin.