DARASI: TSABTA DA GYAMBON CIKI, HAƘƘIN YARA A KAN IYAYE DA MALAMAI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu lafiya amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta da ta zama ruwan dare a Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Tibiri, wato gyambon ciki, wanda wasu ke kira olsa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cuta ce ta manya, wadda yunwa ko yaji ko yawan tunani ke kawowa. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, mafi yawan lokaci tushenta wata ƙwayar cuta ce, kuma mutum yakan ɗauke ta tun yana yaro, galibi kafin ya cika shekara 10. Ke nan magidancin da ke dafe ciki yau, sau da yawa tun yana zuwa makarantar allo cutar ta shige shi.

Wace ce wannan ƙwayar cuta?

Sunanta a wurin likitoci Helicobacter pylori. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. A da masana sun ɗauka babu abin da zai rayu a cikin tumbin ɗan Adam saboda tsananin tsamin ruwan da ke narka abinci, har sai da likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ware ta a birnin Perth a shekarar 1982. Da ƴan'uwansu likitoci suka yi shakka, sai Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, kuma cikin ƴan kwanaki tumbinsa ya kumbura. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005.

Hikimar halittarta ita ce tana fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, sa'annan ta nutsa cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi, ta zauna shekara da shekaru tana cin wurin a hankali. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin kome. Amma wajen mutum ɗaya cikin goma yakan kamu da gyambo, kaɗan kuma takan kai su ga ciwon daji na tumbi a ƙarshen rayuwa. Shi ya sa a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa shi. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen Afirka suna ɗauke da ita. A wurin yara kuwa tana iya jawo ƙarancin jini, kuma yaron da jininsa ya yi ƙasa ba ya riƙe karatu yadda ya kamata.

Ƙofofin da take shigowa

Ƙwayar tana fita daga mai ɗauke da ita ta yawu, da amai, da bayan gida, tana kuma shiga wani ta baki. Duk abin da ya haɗa waɗannan da bakin yaro ƙofa ce.

Ta farko, ruwan sha. Rijiyar da ba ta da murfi, da gugan da ake yarwa a ƙasa inda dabbobi ke tsayawa, da ruwan tabki da yara ke ɗiba da damina, duk abin tsoro ne. A nan akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a gyara. Mun karanta a littattafan fiƙihun Malikiyya, kamar Ahalari da Risala, cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba yana tsarkakewa. Wannan hukunci ne na alwala da wanka. Bai zama shaida ba cewa ruwan ba shi da cuta idan an sha, domin ƙwayar ba ta sauya launi ko ƙamshi. Ruwa zai iya halatta ga alwala, amma ya cutar da cikin yaro.

Ta biyu, bayan gida a fili. Inda babu salanga, yara sukan tsuguna bayan darni ko gefen hanya, ruwan sama ya kwashe ya kai tabki. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda. Makarantar da ke tara yara ɗari, ta allo ce ko madarasa ko lakwal, alhali ba ta da kewaye, ta buɗe wannan ƙofa da hannunta.

Ta uku, hannu. Musulunci ya raba aikin hannaye, dama ga ci, hagu ga tsarki. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai iya kiyaye wannan ba, kuma ruwan buta shi kaɗai ba ya fitar da abin da ya maƙale a farce, sai da sabulu, idan babu shi da toka. Ku dubi kuma al'adarmu ta kawo ruwa a ƙwarya ɗaya kowa ya tsoma hannu kafin cin tuwo: manya su fara, yara su zo ƙarshe, su wanke hannu cikin dauɗar kowa. Cin abinci a akushi ɗaya akwai albarka a cikinsa, ba mu hana ba. Abin gyara shi ne wankin hannun: a zuba wa kowa ruwa daga buta, ya zube ƙasa.

Ta huɗu, yawu. Uwa ko kaka takan tauna abinci ta sa wa jariri a baki, ko ta lasa ludayi kafin ta ba shi kunu. Tausayi ne ya sa, amma binciken likitoci ya nuna cewa yaron da mahaifiyarsa ke ɗauke da ƙwayar ya fi saurin kamuwa. Haka moɗa ɗaya da ke bakin randar makaranta, kowa ya sha ya mayar ciki. Sunna ta hana yin numfashi a cikin abin sha, ta kuma yi umarni da rufe ƙorai da tuluna, kuma duka biyun kariya ne.

Ta biyar, cunkoso. Gidan da yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya a tabarma ɗaya, ko zauren da almajirai ke kwana a matse, cutar ta fi yawo a cikinsa, musamman idan ɗaya ya yi amai ko zawo ba a wanke wurin da sabulu ba. Talauci ba laifi ba ne, amma share wuri da ware shimfiɗar mara lafiya ba sa buƙatar dukiya.

Amsa ga wata shubuha

Wani zai ce: ai cuta daga Allah take, babu mai ɗauka daga wani. Haƙiƙa babu abin da ke cutarwa sai da izinin Allah, wannan ita ce aƙidarmu. Amma Allah ya sanya sababi ga kowane abu, kuma malamai sun bayyana cewa abin da aka kore shi ne imanin jahiliyya cewa cuta tana yaɗuwa da ikon kanta. Shi ya sa Annabi (S.A.W.) ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, kuma Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Alamomi da magani

Idan yaro yana yawan kukan zafi a saman ciki ƙasan ƙirji, ko tashin zuciya, ko ƙin abinci, ko yana ramewa, ko cikin idonsa ya yi fari, a kai shi likitar gari. Waɗannan alamomi suna iya zama na tsutsar ciki ko wata cuta dabam, ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe, shi ne kuma zai ce ko a wuce asibitin Dogon Dutsi. Idan kuwa ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, kada a kwana.

Cutar tana da magani. Likita yakan haɗa magunguna masu kashe ƙwayar, aƙalla iri biyu, da wani mai rage tsamin ciki, a sha kwana 10 zuwa 14 ba tare da tsallakewa ba. Wanda ya daina a tsakiya don ya ji sauƙi, ya koya wa ƙwayar jure magani. Jiƙon kanwa yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kashe ta. A kiyayi sayen maganin ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac a hannun masu talla a kasuwa, domin suna ƙara cin bangon tumbi.

Abin da ya hau kanmu

Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uba ya haƙa salanga kafin ya sayi abin ƙawa. Uwa ta tafasa ruwan da ba na famfo ba, ko ta sa masa ƙwayar tsarkake ruwa bisa bayanin ma'aikacin lafiya, ta rufe randa, ta dama abincin jariri maimakon ta tauna. Malamin makaranta ya ajiye buta da sabulu a bakin kewaye, ya koyar da wankin hannu tare da babin tsarki, ya sa kowane ɗalibi ya zo da kofinsa. Kwamitin masallaci kuma ya sani cewa gina kewaye a makarantar unguwa da gyara bakin rijiya sadaka ce mai gudana.

Allah ya kare zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu sauke amanar da ya ɗora mana. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.