Tsohon Ƙarfe a Ƙarƙashin Ruwa: Gidan Kifi ko Guba?

Kifi, kamar ɗan Adam, yana bukatar abinci da mafaka. Inda ƙasan teku ya kasance yashi zalla, kifi ba ya yawaita. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe ke nutsar da tsofaffin jirage da motoci da gangan. Da farko gansakuka da ƙananan halittu sukan manne a jikin ƙarfen. Daga nan ƙananan kifaye su zo kiwo su kuma ɓuya, sannan manya su biyo su. Masu nutso da tulun iska a baya sukan biya kuɗi don kallonsu.

Alal misali, a 2006 Amurka ta nutsar da jirgin yaƙin nan Oriskany a gaɓar Fulorida. Tsakanin 2001 da 2010 kuma an zuba tsofaffin taragun jirgin ƙasa na birnin New York fiye da 2,500 a Tekun Atilantika. Amma kafin a yi haka sai da aka tsabtace su daga mai da sauran abubuwa masu cutarwa. Tayoyi kusan miliyan 2 da aka zuba kusa da Fulorida daga 1972 kuwa, igiyar ruwa ta warwatsa su suka lalata murjani.

To, ya dace a gwada wannan a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974? Sai mu yi hattara. Ruwan Tiga shi ne ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Bunkure. Baƙin mai da dalmar batir ba za su tsaya inda aka jefa su ba. Za su iya shiga jikin karfasa da tarwaɗa, da ƙasar noma, daga ƙarshe cikinmu. Ƙarfen kuma zai yayyaga komar masunta.

Akwai dabara mafi sauƙi. Masuntan Tafkin Nokuwe da ke Jamhuriyar Benin sukan kafa rassan itatuwa cikin ruwa, abin da suke kira akaja. Gansakuka ta tsiro a kansu, karfasa ta taru tana hayayyafa. Illarsa ita ce saran itatuwa.

Tambaya ga ɗalibai: shin mafakar tana ƙara yawan kifi ne, ko tara shi kawai take yi wuri guda ya yi sauƙin kamawa? Ku tattauna da malaminku.