Banjamin Faranklin da ɗakin littattafai

Cikin shekara ta 1706 aka haifi Banjamin Faranklin a birnin Bostan, can ƙasar Amurka. A lokacin nan ƙasar tana hannun sarauniyar Ingila. Ubansa sabulu da kyandir yake yi yana sayarwa, ƴaƴansa kuwa har 17. Shekara biyu kaɗai Banjamin ya yi a makaranta. Yana da shekara 12 aka kai shi wajen wansa, mai gidan buga takardu, don ya koyi sana'a. Wan nan ba ya raina abin duka. Da Banjamin ya shekara 17 sai ya gudu, ya tafi birnin Filadalfiya inda bai san kowa ba.

Yaron yana da son karatu ƙwarai. Amma yana da wani hali, gardama. In ya kama magana sai ya kayar da mutum gaban jama'a.

Cikin 1727 ya tara abokansa, suka zama su 12, suka kafa ƙungiya mai suna Junto. Ba ƴaƴan sarauta ba ne. Akwai mai ɗinkin takalma, da kafinta, da mai awon ƙasa, da masu buga takardu. Kowace Juma'a da dare suna haɗuwa su tattauna. Suka kafa doka: wanda ya ƙaryata ɗan'uwansa kai tsaye, ko ya yi magana kamar shi kaɗai ya san gaskiya, zai biya tara. Dokar nan ta fi kama Faranklin bisa kowa. Sannu a hankali ya koyi tambaya maimakon musu, ya koyi faɗin ra'ayinsa kamar mai neman shawara. Sai ya ga mutane sun fi karɓar maganarsa.

Littafi yana da tsada a wannan zamani, don yawanci daga Ingila ake kawo shi cikin jirgin ruwa. Ƴan ƙungiyar suka tara littattafansu ɗaki guda don kowa ya amfana. Bayan kamar shekara guda wasu littattafan suka lalace, kowa ya kwashe nasa ya kai gida. Dabara ta farko ta faɗi ke nan.

Faranklin bai bari ba. Ya ce a nemi mutane da yawa, kowa ya zuba kuɗi, a sayo littattafai, a riƙa ba da aro. Ya shiga gari yana neman masu zubi, yana cewa ga abin da ya tsara. Wannan ya kawo uzuri, wancan ya kawo suka. Ya zauna ya yi tunani. Abin ba shi da aibi, to, me ya hana? Sai ya gane ba littattafan suke ƙi ba. Abin da ba su so shi ne su zuba kuɗinsu, sunan ɗan mai sabulu ya ɗaukaka bisa nasu.

Sai ya sake salo. Ya daina cewa shawarar tasa ce. Duk inda ya je sai ya ce wasu abokai ne suka shirya abin, suka aiko shi ya gaya ma masu son karatu. Nan da nan ƙofofi suka buɗe. Cikin 1731 aka samu mutum 50, kowa ya ba da sule 40, da alkawarin sule 10 kowace shekara. Aka aika Ingila aka sayo littattafai. Wannan gidan littattafai yana nan Filadalfiya har yau.

Wani zai ce ai wannan wayo ne. Akwai wayo ciki, babu shakka. Amma shi ne ya sha rana, shi ne ya bi gida gida, yabo kaɗai ya bar ma wasu. Ba kowane shugaba ke iya wannan ba.

Da wannan hanya ya ci gaba. Cikin 1736 ya haɗa mutum 30 suka kafa ƙungiyar kashe gobara, kowa da gugansa na fata a shirye. Cikin 1751 wani likita, Tomas Bond, ya so a gina asibiti, amma ya rasa masu taimako. A nan shawarar ba ta Faranklin ba ce, bai kuma ce tasa ba ce. Ya dai je majalisa ya sa ta yi alkawarin fam 2000 in jama'a sun tara fam 2000. Da mutane suka ji kowane sulensu zai zama biyu, suka zuba har ya wuce.

Faranklin mai ƙirƙira ne kuma. Ya gano cewa walƙiya wutar lantarki ce. Ya ƙago sandar ƙarfe wadda ake kafawa bisa gini, ta janye aradu ta kai ta cikin ƙasa. Ya ƙera wani murhun ƙarfe na ɗuma ɗaki. Gwamna ya so ya ba shi takardar da za ta sa shi kaɗai zai ƙera murhun ya sayar. Ya ƙi karɓa.

Wata rana wani abokinsa ya gaya masa ido da ido cewa yana da girman kai. Bai yi fushi ba. Yana da jerin halaye 12 da yake ƙoƙarin koyo, ya ƙara tawali'u, suka zama 13. Da ya tsufa ya faɗa da kansa cewa kamannin tawali'u ya samu, ainihin bai samu sosai ba.

Cikin 1776, yana da shekara 70, ya sa hannu bisa takardar ƴancin kan Amurka. Aka aike shi Faransa neman taimako, ya kuwa samo shi cikin 1778. Cikin 1787 aka taru don rubuta tsarin mulkin ƙasa. Shi ne dattijon taron, shekararsa 81. Ya kawo shawara cewa kada a biya shugabannin ƙasa albashi, ba a karɓa ba. Ran ƙarshe ya rubuta jawabi, wani ya karanta masa. Ya ce akwai wuraren da bai yarda da su ba, amma zai sa hannu, don sau da yawa ya ɗauka yana bisa daidai, daga baya ya ga kuskurensa. Mutum 39 suka sa hannu, uku suka ƙi.

Babban kuskurensa kuwa ya shafi ƴan Afirka. Shekaru da yawa yana da bayi a gidansa, jaridarsa kuma tana buga tallar sayar da mutane. Ya daɗe ƙwarai kafin ya juya. Cikin 1787 ya zama shugaban ƙungiyar masu neman a hana bauta. Cikin 1790 ya aika ma majalisar ƙasa takardar roƙo bisa wannan magana. Majalisa ba ta yi kome ba. Wata biyu bayan haka ya rasu, yana da shekara 84. Ba a hana bauta cikin Amurka duka ba sai 1865.

Tambayoyi

1. Wace doka ƴan Junto suka kafa bisa gardama?
2. Don me mutane suka ƙi zuba kuɗi da farko?
3. Mutum 50, kowa ya ba da sule 40. Sule nawa aka tara?
4. Shekara nawa tsakanin rasuwar Faranklin da hana bauta a Amurka?
5. Abin da Faranklin ya gaya ma masu zubi, ƙarya ce ko dabara? Ku tattauna cikin aji.