Hausar Kanikawa: Daga Kafireto zuwa Injekta

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da keɓaɓɓun kalmominta, kuma idan kayan aiki suka sauya, harshen masu sana'ar ma yakan sauya. Wannan darasi zai duba yadda sauyin hanyar shayar da inji mai ya shafi Hausar kanikawa a ƙasar Daura.

2.0 Yadda Injekta ke Aiki

A da, kafireto ne ke gauraya fetur da iska, kamar a yawancin motocin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Bakanike kan daidaita shi da sukudireba, yana sauraren ƙarar inji. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen. A wannan tsari, ƙaramar kwamfuta ce ke karɓar bayani daga sansa-sansa, sannan ta ƙayyade man da za a fesa. Ma'aunin da ake nema shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur 1.

Masu motocin tsere sukan sauya lissafin kwamfutar, su ƙara mai don inji ya ƙara ƙarfi. Idan kuwa aka rage man fiye da kima, inji yakan ɗau zafi har fistin ya lalace. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, direban da ke jigila tsakanin Daura da Mai'adua ko Zango ya fi damuwa da tsimin mai, don haka kuskuren saiti asara ce gare shi.

3.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

(a) Aro da kwaskwarima: injekta, sansa, fulogi, totur, salansa.

(b) Ƙirƙira: ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji.

(c) Faɗaɗa ma'ana: indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, saboda cikinta ya yi kama da taliyar.

4.0 Kammalawa

An aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura a 2019. Yaran da malamin Hausa zai koyar, wasunsu can za su nufa, wasu kuma gareji. Wajibi ne ya tattara waɗannan kalmomi, ya daidaita rubutunsu.

5.0 Jinga

1. Bambanta aikin kafireto da na injekta.

2. Ɗalibi ya ziyarci gareji, ya tattaro kalmomi 20, ya karkasa su bisa hanyoyin nan uku.