CIWON SUKARI DA GIGIN TSUFA: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

Sau da yawa akan kawo wa hakimi maganar dattijon da ya fara ɓata a hanyar gidansa, ko ya manta sunayen 'ya'yansa, ko ya yi musun cinikin gonar da shi da kansa ya ƙulla. Waɗansu su ce sammu ne. In tsohuwa ce kuwa, har a jefe ta da maita. Alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa, watau gigin tsufa, kuma ciwon sukari yana cikin abubuwan da ke share mata hanya.

ABINCIN ƘWAƘWALWA

Nauyin ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 ne cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Abincinta sukarin da ke cikin jini ne, wanda ke fitowa daga tuwo da shinkafa da fura. Ba ta da rumbu, sai abin da jini ya kawo mata. Mai daidaita sukarin nan kuwa wani ruwa ne, sunansa insulin, wanda wata gaɓa a bayan tumbi ke yi. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina sauraronsa, sai sukari ya taru a jini. Ciwon sukari ke nan.

HANYOYIN ƁARNA HUƊU

1. Yawan sukari yana sa ƙananan jijiyoyin jini su yi kauri su toshe. Sashen ƙwaƙwalwar da jini bai kai ba sai ya mutu, kamar lambun da aka datse wa ruwa.

2. Sukari yana mannewa ga naman jiki, ya sa shi tauri, kamar yadda yake yin danƙo a tukunyar mai alewa. Da ma'aunin mannewarsa a jini ne likita ke gane yadda sukarin mutum ya kasance wata biyu ko uku da suka wuce.

3. Kusan ko wace ƙwayar halittar jiki tana da 'yan murahu inda ake ƙona sukari. In itace ya yi yawa sai tartsatsi ya tashi, ya riƙa cin ƙwayar kaɗan-kaɗan, kamar tsatsa a jikin ƙarfe. Yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa in sun mutu ba su da mayewa.

4. A shekarar 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da labarin wani datti da ya gani dunƙule a ƙwaƙwalwar wata mata da ta mutu da gigi. Daga baya aka gane cewa sinadarin da ke rushe insulin yana cikin masu share dattin nan. Masana suna ganin in insulin ya yi yawa a jini, mai sharar yakan shagala da shi, datti ya taru.

A 1999 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan a kan manya fiye da 6,000. An tarar haɗarin gigi ga masu ciwon sukari ya kusa ninki biyu na sauran. Amma fa a lura, ba duk mai ciwon ne zai yi gigi ba. Faɗuwar sukari ƙwarai, saboda shan magani ba tare da abinci ba, ita ma tana cutar ƙwaƙwalwa.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI

Ana roƙon hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a abubuwan nan. Wanda ke fama da ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da rama, ya je asibiti a auna jininsa. Wanda ya haura shekara 40, ko yana da ƙiba, ko akwai ciwon a danginsa, ya je awo ko da yana jin lafiya, a auna masa har da hawan jini. A rage lemon kwalba da sukarin shayi, a ƙara ganye da wake da tafiyar ƙasa. Mai shan maganin sukari ya nemi shawarar likita kafin azumi.

Magatakarda kuwa, in aka kawo tsohon da ya ruɗe don ya sa hannu a takardar gona ko ta gida, lalle ya dakata, ya sanar da hakimi, a nemi shaidar likita tukuna. Kada kuma a yarda a tozarta tsohuwa da sunan maita. Wanda ya fara mantuwa a gaggauta kai shi asibiti, gama akwai mantuwar da ke jin magani in an gano sanadinta da wuri.