Yadda ake jin waƙoƙin waya ta rediyon kaset na mota

Tsofaffin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Khartum da Omdurman, irin su Hilux ɗin da ake kira boksi, da Hiace, da 'yan ƙananan motocin haya na amjad, da yawansu har yau rediyo mai cin kaset ne a gabansu. Kaset kuwa ya ɓace daga kasuwa, waƙa da karatu da wa'azi duk sun koma cikin waya da katin memori. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, an wawashe motoci masu ɗimbin yawa a garuruwan nan, kuma wanda Allah ya tsare masa tasa, taya da batir ne a gabansa, ba sabuwar rediyo ba. Shawarata ita ce a bar tsohuwar a inda take, a nemo mata kaset mai igiya.

Abin siffarsa ta kaset ce sak, sai dai babu zare a ciki. Wani Ba'amurke mai suna Larry Schotz ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, don a ji faifan CD a mota. A inda zare ya kamata ya bi, an sa ɗan ƙarfe mai maganaɗisu wanda yake haɗa goshi da hed ɗin rediyon, wato ƙarfen da ke karanta zare. Sautin waya ya biyo igiya ya shiga wannan ƙarfe, hed ya ɗauka, a zatonsa zare ne ke wucewa.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada rediyon da wani tsohon kaset da ba ka jin asararsa. Idan ta ja shi, ya juya, sauti ya fito ko da a dishe ne, an yi sa'a. Idan ba ya juyawa, yawanci bel ɗin roba na ciki ne ya tsinke ko zafi ya narkar da shi, sai ka fara biyawa wurin mai gyaran rediyo.

Daga nan sai wanki, kuma a nan mafi yawan mutane ke yin sakaci. Motar da ta sha guguwar habub shekara da shekaru, bakin kaset ɗinta ya cika da ƙura mai laushi, ta haɗu da tsatsar zaren da aka daɗe ana ji ta daskare a kan hed. Kashe rediyon, ka tura murfin bakin da yatsa, ka haska da fitilar waya. Za ka ga hed, ɗan ƙarfe mai sheƙi, da wata 'yar tayar roba baƙa a gefensa, da siririn sandan ƙarfe da take jingina da shi. Naɗa auduga a tsinke, ka jiƙa ta kaɗan da sifirit na kemis, ka goge ukun a hankali, kana sauya audugar har ta daina fitowa da launin ƙasa. Kada ka sa fetur, kada ka kankare da sukundireba. Jira minti biyar ya bushe. Da yawa daga cikin kasetocin da ake mayar wa mai shago da sunan ba su da kyau, laifin hed ne mai datti.

Wajen sayen kaset mai igiya, ko a Suk Libya ne ko a Suk al-Arabi ko duk inda ka sami masu kayan waya sun buɗe, duba abu biyu. Na farko, ta ina igiyar ta fito. Wasu rediyoyin ta tsaye suke haɗiye kaset, wasu ta kwance, kuma idan igiyar ta faɗa ɓangaren ciki, rediyon za ta tauna ta. Mai kyau yana da 'yar hanya a bayansa da ake mayar da igiyar dama ko hagu. Na biyu, bakin wayarka. Kan igiyar irin na iyafis ne, mai milimita 3.5. Yawancin wayoyin Tecno da itel suna da ramin, amma iPhone tun daga ta 7 da aka fitar a 2016 ba ta da shi, haka wasu sababbin Samsung, sai an haɗa da ɗan guntun mahaɗi da ke shiga ramin caji.

Rage muryar rediyon tukuna. Jona igiya a waya, tura kaset, kunna waƙa. Ɗaga muryar wayar zuwa kamar kashi uku cikin huɗu ka bar ta a nan, sauran ƙari da ragi a rediyo za ka riƙa yi. Wayar ta yi ƙasa sosai, sai ka ji shuuu ta rufe waƙar. Ta kai ƙarshe, sai ganga ta fashe a sifika. Idan akwai maɓallin da aka rubuta Dolby ko Metal, kashe su, domin aikinsu na zare ne, a nan dushe sauti kawai suke yi. Kuma ka yi gwajin da ɗauka mai tsabta, irin waƙoƙin Mahmud Abdul'aziz na sutudiyo. Tsofaffin waƙoƙin A'isha al-Falatiya, 'yar asalin Hausawan nan da ta fara rera waƙa a Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, da ƙararsu aka ɗauko su, za su sa ka zargi kaset a banza.

Idan muryar ta fito can ƙasa ko ta sifika ɗaya, danna maɓallin juya gefe. Gefe guda kaɗai kaset ɗin nan yake daidaita da hed.

Matsalar da ta fi ɓata rai ita ce rediyon ta riƙa ƙas-ƙas tana juya gefe da kanta, ko ta tofo kaset ɗin waje. Dalili shi ne tana lura da ko ƙafafun kaset biyu suna juyawa. Da zarar ɗaya ta cije, sai ta ɗauka zare ya ƙare. A cikin kaset mai igiya akwai 'yan tayoyi masu haƙora da ke haɗa ƙafafun, ƙura kuma tana riƙe su. Kwance ƙananan nocin da ke kusurwoyinsa a kan faranti, don kada su ɓace, ka ɗauki hoton yadda tayoyin suke zaune kafin ka taɓa komai. Goge su, ka wanke 'yar tayar robar da ke gaba da sifirit, ka mayar. Idan matsalar ta ci gaba, wasu samfurin suna da ɗan birki da ke hana juyawa baya, cire shi kan raba gardama. Ni dai ba na son zuba mai a ciki, don ƙurar Khartum mai take nema ta maƙale.

Wani kukan kuma, mai tashi da sauka tare da totur, yana zuwa ne idan kana cajin waya daga ramin kunna sigari alhali tana jone da kaset. Zare cajar, in kukan ya ɗauke ka gano ɓarawon. Ko ka yi caji da fawa bank, ko ka sauya caja mai inganci.

Akwai sabon samfuri marar igiya da ke aiki da Bluetooth, yana da daɗi ga mai wayar da ba ta da rami, amma batir ne a cikinsa. A watan Mayu da Yuni, lokacin da zafin Khartum ke wuce digiri 40, motar da aka rufe a rana ta fi haka nesa ba kusa ba, batir kuwa kumbura yake yi. Ko wanne iri ne da kai, fitar da shi idan za ka ajiye mota na dogon lokaci, domin barinsa a ciki yana danne tayar robar rediyon wuri guda har ta lotsa. Naɗe igiyar sako-sako, ka sa shi a leda, ka jefa a aljihun ƙofa inda rana ba ta kaiwa.